Ranar da Na Tofa Yawu a Gaban Surukina

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka sa ni tofa yawu a gaban surukina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma Rabi nake ɗora wa laifin.

Rabi 'yata ce. Ita ta hango wani farin tabo a gefen harshena, wata rana ina hamma a shagona na atamfa a kasuwar Wuse. Tabon ya daɗe, ba ya ciwo, ya kuma ƙi tafiya. Na ce mata zafi ne. Ta kafe sai an je asibiti, wai irin wannan kan zama mafarin ciwon dajin baki. Na yi mata tas a kan mugun baki, amma gaskiya tun ranar abinci ya daina min daɗi.

Ranar tafiya sai ta bugo waya, wai an riƙe ta a ofis, mijinta Malam Sani zai kai ni. Mijinta fa! Mutumin da ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba. ('Ya'yan Abuja ba su san wannan ba, su komai daidai ne.) Haka na shiga bayan motarsa daga Dutse Alhaji har Garki, ina kallon taga kamar an aiko ni ƙirga gine-gine.

Likitar wata yarinya ce 'yar kudu, Hausarta ta kasuwa ce, ni kuma Turancina iyakarsa ciniki. Sai ta leƙa waje ta kira Malam Sani ya yi mana tafinta. Ta bakinsa na ji cewa akwai wani gwaji da suke jarrabawa: in nama ya fara lalacewa a baki, yakan saki wasu sinadarai a cikin yawu, su ne alamun da ake nema. Za su haɗa wannan da ɗan naman da za a yanka a duba. Sharaɗin shi ne kada komai ya shiga bakina tun safe, wannan kam Rabi ta riga ta ja min kunne.

Sai ga tambayar da ta tsinka ni. Malam Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, wai tana tambaya ko kina amfani da taba ko goro."

To, ga gaskiya: tun ina budurwa kakata ta koya min cusa garin taba a ƙasan leɓe. A wani ɗan gwangwanin man shafawa nake ɓoye shi, ko Rabi ba ta sani ba. Amma in faɗa wa surukina? Na ɗaga hanci na ce, "Taba? Ni? Allah ya kiyaye! Goron ma sai na biki."

Aka miƙo min 'yar kwalbar roba, wai in tara yawu har ya kai wani layi. Shi yana tsaye, ita tana tsaye, ni ce abin kallo. Jama'a, bakina ya bushe ƙamas! Na tuna tsamiya, na tuna lemon tsami, ko ɗigo. Likita tana ta cewa, "Mama, ka yi ƙoƙari, ka tofa kawai." Wai ka!

Sai dabara ta zo min, irin dabarar da ke kai mutum ya kwana a ciki. Na ce zan zaga. A banɗaki na ɓantari goron da ke ƙulle a gefen mayafina na tauna don yawu ya zo, na ɗora 'yar taba a kai don hankalina ya dawo. Na kurkure baki sau ɗaya, na dawo da ƙarfin gwiwata, na juya baya na cika kwalba har ta wuce layi. Na miƙa ina taƙama, ko kallon abin da ke ciki ban yi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jini!" Malam Sani ne ya kurma ihu. Kafin in ce uffan ya ciro waya ya kira Rabi, wai Hajiya na tofar da jini. Ma'aikatan jinya suka leƙo, har da masu jiran layi.

Likita ta ɗaga kwalbar a haske, ta kai hanci, ta dube ni. Wannan karon Hausarta ba ta nemi tafinta ba.

"Mama, wannan ba jini ba. Goro ne. Kuma akwai taba a ciki, ina jin warinshi."

Rabi tana kan waya, ta ji komai. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na hau faɗa, wai wane irin asibiti ne ake shinshina yawun mutane. Likitar ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Cewa ta yi na ɓata gwajin, kuma tabar da na ɓoye ita ce abu na farko da ya kamata ta sani, don tana cikin manyan masu jawo cutar.

Na koma wata ranar ni kaɗai, a tasi, baki wanke. Da sakamako ya fito, aka ce tabon bai zama daji ba tukuna, amma ya kama hanya. An cire shi, ana kuma duba ni lokaci-lokaci. Gwangwanin nan Rabi da kanta ta jefa shi a kwata.

Da Sallah Malam Sani ya zo gaisuwa. Kowace shekara da ƙullin goro yake zuwa, bana sai ya ajiye ledar dabino a gabana, kansa a ƙasa. Na gode masa, ni ma kaina a ƙasa. Na dai koyi darasi: a gaban likita ba a ƙarya, domin in baki ya yi ƙaryar, yawun da ke cikinsa zai ba da shaida.