Tuƙin Yashi a Gaban Yayan Budurwa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na juya motar Dakta Kabiru ta koma kallon inda ta fito ba. Ko na so in manta ma, akwai waɗanda suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini, kuma ba sa gajiya.

Lokacin ina Kuala Lumpur ina digiri na uku a fannin tattalin arziki (ka riƙe wannan da kyau, tattalin arziki na ce, ba kanikanci ba). Annobar korona ta kulle mu a ɗaki. Ba makaranta, ba Juma'a, ba zaman shayi a mamak, wato shagunan abincin Indiyawa Musulmi da muka mayar majalisa. Mutum idan ya rasa aikin yi, ko ya yi ƙiba ko ya faɗa soyayya. Ni na haɗa duka biyun.

Sunanta Safiya, 'yar Kano, tana digiri na biyu, tana zaune a unguwar Sentul gidan yayanta Dakta Kabiru. Mun daidaita ta waya har aka kai ga maganar turo magabata. Mahaifinsu da ke Kano ya ce shi bai san ni ba, kuma ga hanya a rufe, don haka magana tana hannun Kabiru. In ya ce yaron ya yi, to ya yi. In ya ce a'a, a rufe zancen. Shi kuma Dakta ya samu aikin koyarwa a Kanada, jira kawai yake a buɗe hanya ya kwashi iyalinsa. Ke nan kafin jirginsa ya tashi sai na samu kalma ɗaya daga bakinsa, in ba haka ba Safiya ta gama karatu ta koma Kano, inda manema ba sa buƙatar biza.

Matsalar ita ce Dakta ba ya magana. Irin mutanen nan ne da za ka gaishe su tun daga lafiyar gida har gajiyar shekaranjiya, su amsa maka da "Madalla" guda ɗaya su koma kan wayarsu. Da aka sassauta doka aka fara barin ziyara, na je gidansa sau da dama. In tuɓe takalmi tun a ƙofa, in ƙi kujera in zauna a kan darduma, takunkumi a fuska, ina zufa kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Ban taɓa fita da abin da ya wuce "Madalla" ba.

Safiya ta ce da ni, "Ka kwantar da hankalinka. Yaya yana lura da kai. Kai dai ka rage surutu, ba ya son mai yawan magana."

Na ce to. Da na riƙe wannan "to" ɗin, da yau ba ni da labarin ba ku.

Ran nan ina zaune a dardumata sai na ji Dakta ya yi ajiyar zuciya, ya kife waya a cinya.

"Wallahi maganar motar nan ta dame ni," in ji shi. "Wani abokina a can zai bar gari, yana da motoci biyu, ya ce in zaɓi ɗaya ya ajiye mini. Ɗaya tana ja da ƙafa huɗu, ɗaya da ƙafafun baya kawai. Ta bayan ta fi kyau, ta fi sauƙin mai, kuma irinta nake da ita a nan, na saba. Amma wai hunturun can ba wasa ba ne, dusar ƙanƙara har gwiwa. Shi dai cewa yake in ɗauki mai huɗun, in ƙara mata tayoyin sanyi."

Ba ni ya tambaya ba. Allah shaida, bango yake kallo. Amma ni sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar da na yi watanni ina ƙwanƙwasawa, domin a nan ne kaɗai na fi shi.

Mahaifina direba ne. Shekara da shekaru yana jigilar 'yan kasuwa a ƙauyukan da ke kewaye da Maigatari, inda babu kwalta, babu burji, sai yashi tsantsa. Da tsohuwar mota mai ja da baya ya ciyar da mu, ya sa mu a makaranta. A hannunsa na koyi tuƙi lokacin hutu, kuma ba yabon kai ba, na iya. Darasinsa ɗaya ne, kullum yana maimaita shi yana dukan sitiyari: "In ka shiga yashi, kada ka ɗaga ƙafa. Tsoro ne ke kafar da mota. Ta yi rawa, ƙara mata wuta."

Na gyara zama, na yi gyaran murya.

"Yallaɓai, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ka ɗauki mai ja da baya."

Ya ɗago ya dube ni. Karo na farko ke nan da ya dube ni sosai, sai kaina ya ƙara girma.

"Ka taɓa tuƙi a ƙanƙara ne?"

"A'a, amma ai ita dusar ƙanƙara yashi ce, sai dai fara ce kuma da sanyi." (Ni da bakina na faɗi wannan. Ni da duk ƙanƙarar da na taɓa gani a duniya ta cikin zoɓo ce.) "Ƙafa huɗu ta masu tsoro ce, yallaɓai. Ga shan mai, ga tsadar gyara. Mai ja da baya kuwa, ka rage iskar taya kaɗan, ka jefa buhu biyu a but don baya ya yi nauyi, ka taka. Sirrin dai kada ka ɗaga ƙafa. Mota a hannun direba take."

Na yi ta zuba. Na kawo labarin ranar da Baba ya ƙetare wani kwari da buhunan gero da raguna a sama. Na zana taya a kan darduma da yatsa. Daga ƙofar kicin na hango Safiya ta dafe goshi, ni kuwa na ɗauka mamakin ilimina take yi. Da na gama, Dakta ya kaɗa kai ya ce, "Madalla. Ashe kai direba ne." Na fita ranar ina jin kamar an riga an ɗaura.

Bayan 'yan kwanaki Safiya ta kira ni. Yaya ya yi allurar rigakafi saboda tafiya, hannunsa ya yi tsami ba ya ɗaguwa, kuma suna son zuwa wani shagon gwanjo su nemi rigunan sanyi, daga nan su biya kasuwar unguwar Masjid India. Ya ce tunda ni direba ne, in zo in kai su.

Ya kamata in faɗa muku wani abu. Duk shekarun da na yi a Malesiya ban taɓa riƙe sitiyari ba. Jirgin ƙasa nake hawa, sai bas. Amma wane saurayi ne yayan budurwarsa zai miƙo masa mabuɗi ya ce "ban saba ba"? A wurinmu wannan ba mabuɗi ba ne, jarrabawa ce. Na sa shaddata mai ruwan sama, na fesa turare, na tafi.

An yi irin ruwan nan na Kuala Lumpur mai zuwa da yamma kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, ya bar yayyafi. Motar tana can ƙarƙashin bene, inda mazauna gidan ke ajiye motoci. Doguwa ce, baƙa, ta kwana biyu amma tana sheƙi. Na karɓi mabuɗi da hannu biyu, na zagaya da ƙasaita, na buɗe ƙofar hagu na zauna. Na miƙa hannu, ba sitiyari. Yana can dama, inda 'yan ƙasar suke ajiye nasu.

"Ina duba maka kujerar ne, yallaɓai," na ce, na fito.

Dakta ya zauna inda na tashi. Safiya da matarsa, Anti Maimuna, suka shiga baya. Na tayar da mota, na kai hannu zan kunna sigina, waifa ta hau share busasshen gilashi. Na ji wani ɗan sauti daga baya, wanda har yau Anti take rantsuwa tari ne.

Daga nan muka iso hawan fita. Siminti ne mai santsi, an shafa masa fenti, yana hawa yana lanƙwasa zuwa dama. Ruwa na gangarowa a kansa, ga wani kore-kore da ya fito a gefe, don watannin kulle motoci ba sa yawan bi. A can sama akwai mai gadi da teburinsa, da abin auna zafin jiki da robar man wanke hannu, sai tukwanen fulawa jere a gefen hanya.

Wani mai hankali da ya lallaɓa. Ni kuwa da na ga hawa, sai jinin Maigatari ya motsa. Na ɗan ja baya don in samu gudu, na ce bismillah, na taka.

Farkon hawan lafiya lau. Muna isa lanƙwasar sai na ji bayan motar ya yi wani irin sauƙi, ya fara zamewa hagu. Tayoyin baya suna juyawa suna kuka, motar ba ta gaba.

"A hankali," in ji Dakta.

A daidai nan muryar Baba ta faɗo mini a kunne, tar kamar yana zaune a bayana. Ta yi rawa, ƙara mata wuta. Na ce, "Kada ka damu, yallaɓai, haka take yi," na danna totur har ƙasa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Gaban motar ya tsaya cak, bayanta ya ce shi ma yana son ganin gari. A hankali, cikin natsuwa, muka juya. Na ga bango ya wuce, na ga mai gadi ya wuce da bakinsa a buɗe, na ji Anti tana "Innalillahi" ba ƙaƙƙautawa, na ji tukwanen fulawa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Da komai ya lafa, hancin motar yana kallon ƙasa, wurin da muka fito, waifa kuma tana ta aikinta.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi.

Mai gadi ya gangaro yana riƙe da bango don kada shi ma ya zame, ya leƙo ta taga. "Boss, okay ka? Slow-slow lah, boss. Licin." Wato santsi. Na ɗaga kai, sai na ga abin da na manta: lokacin annoba ne, kowa yana gida. Kowace baranda akwai mutum. Malayu, Indiyawa, 'yan Sin, har da wata tsohuwa da ta fito da kwanon abincinta don kada kallo ya wuce ta. Ranar na gode wa wanda ya ƙirƙiro takunkumi, na so a ce yana rufe har goshi.

Dakta ya sauke numfashi. Bai dube ni ba.

"Safiya, karɓi mota."

Ashe ta yi lasisinta a nan tun shekarar da ta zo. Na fito na koma baya kusa da Anti, wadda ta matsa can jikin ƙofa tana kallon waje, kafaɗunta suna rawa. Safiya ta gangara da motar, ta juyo, ta hau hawan nan sannu a hankali, ƙafarta da ƙyar take taɓa totur. Ko ƙara taya ba ta yi ba. Muka yi yawon gwanjo ina riƙe musu leda, ban ƙara cewa uffan ba, ko da Dakta ya tambayi wace riga ta fi kauri.

Washegari na sayo sababbin tukwanen fulawa na kai wa mai gadi, na gudu kafin wani ya gan ni. Daga nan na daina zuwa Sentul. Safiya ta kira, na ce ina fama da rubutun digiri. Gaskiyar ita ce na karaya. Na kwana ina tunanin na zubar da abin da na fi so a duniya saboda bakina, kuma wani haushin shi ne na jawo sunan Baba cikin shirmena, mutumin da bai taɓa cewa ya san ƙanƙara ba.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, na ga sunan Dakta. Na miƙe tsaye kafin in ɗauka, kamar yana ganina.

"Ka ɓuya," ya ce. "Na kira in yi maka godiya ne. Da ina ta wasi-wasi a kan motar nan, amma ka warware mini. Na ce a ajiye mini mai ƙafa huɗu, da tayoyin sanyinta. Abin da abokina ya yi wata yana bayani ban gane ba, kai ka nuna mini a aikace."

"Yallaɓai, don Allah a yi haƙuri..."

"Bar wannan. Na yi magana da Alhaji, mahaifinmu, jiya. Ya ce ka sanar da mutanenka su je."

Na ji hawaye, kuma ban ji kunyarsu ba. Amma karambani ba ya mutuwa rana ɗaya, sai na ji bakina yana tambaya, "Yallaɓai, me ka ce masa?"

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba: Dakta Kabiru yana dariya.

"Ce masa na yi, yaro ne mai riƙe maganar ubansa ko da za ta kai shi bango. Irin wannan ana ba shi mata. Mota ce dai ba a ba shi."

An ɗaura aure a Kano, mu muna kallo ta waya daga Sentul. Shi kuma Dakta duk shekara in ƙanƙara ta fara zuba a can, sai ya turo mini hoton titinsa fari fat, da tambaya ɗaya a ƙasa: "Direba, in ɗaga ƙafa ko in ƙara wuta?"

Abin da na koya shi ne, ilimin Maigatari gaskiya ne, amma a Maigatari. Yanzu in ana zancen abin da ban taɓa takawa da ƙafata ba, ko ba a tambaye ni ba ko an tambaye ni, amsata ɗaya ce, kuma wurin surukina Dakta na are ta: "Madalla."