Saƙo Shida, Kaset Ɗaya

Ranar da ba zan taɓa mantawa ba ita ce ranar da na kai saƙon matan garinmu Ibadan. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, ina ƙaramin akawu a Bodinga. Takarda ta yi wuya, sai na ƙware wajen jera sunayen ƙauyuka rututu a layi ɗaya, Danchadi, Sifawa da sauransu, har maigidana na ofis ya yaba min. Daga nan kaina ya kumbura.

Mazan unguwarmu shida suna ci-rani a Ibadan, cikinsu har da Baba Dikko, mahaifin Hajo da nake nema. Da aka ji zan yi tafiya, matansu suka ce in ɗauki muryarsu, tunda ni kaɗai ke da rakoda. Kowacce nakan ajiye mata ita a ɗaki in fita, don magana ce tsakanin mata da miji. (Kun ga ashe na san sirri ne.) Amma maimakon kowa da kaset ɗinsa, sai na jera su duka a guda, ina yi wa kaina kirari.

A Ibadan mazan suka zagaye ni kan tabarma, ga tuwo an kawo. Na danna rakodar, ina hura hanci. Muryar farko ta Inna Kulu ce, uwar Hajo.

"Malam, rumbu ya kusa ƙarewa, kak ka hwaɗi ma kowa. Kuma akawun ga da ka son ɗiyarka, kullum yaz zo hira sai ya share tuwon ƙannenta. Ita tana son shi, ni ko tsoro nika ji, wanga cin ba na lahiya na ba."

Lomar da ke hannuna ta tsaya a hanya. Kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage. Na tona asirin rumbun dattijo gaban maƙwabtansa, na haɗa da nawa. Na san Hajo ta kuɓuce.

Baba Dikko ya miƙa hannu ya kashe rakodar. Ya kalle ni, sannan ya turo akushin gabana.

"Ci, ɗana. Kun dai ji, ku ƙara mishi."

Sai da aka ja min rai shekara guda kafin a ba ni Hajo. Har yau in na je gidan surukai babban akushi ake ajiye min, ba mai cewa komai. Tun daga ranar na gane takarda ake tattali, maganar mutane kuwa kowa a ba shi tasa.