Ranar da Dela Ta Katse Farfesa

A wani daji da ke kwance tsakanin kogi da duwatsu, dabbobi sun daɗe da daina tura ɗan aike da ƙafa. Gizagizai ne suka ja zare daga bishiya zuwa bishiya, tun daga bakin ruwa har gindin dutse. In kana da saƙo, sai ka je wurin gizo-gizon unguwarku ka faɗa masa, ya kaɗa zaren da ƙafa, na can ya ji motsin ya fassara wa mai shi. Wannan saƙar ita ake kira yana, kuma babu abin da dajin ke tinƙaho da shi kamarta.

Duk zaruruwan a kan wata tsohuwar tsamiya suke haɗuwa, kuma a nan Dela take. Gizo-gizo ce mai ƙafa bakwai da rabi, don wata guguwa ta taɓa raba ta da rabin ɗaya tana tsakar gyara. Damina goma sha tara ta yi a wannan aiki. Ta san zaren da ke saki in raɓa ta yi yawa, ta san wanda jemagu ke tsinkawa in kanya ta nuna, kuma tana gane kowane gizo-gizo daga yadda yake kaɗawa. Ba ta da yawan magana. Amma in aka ce mata saƙo ya isa tun mai shi bai koma gida ba, sai ka ga ta gyara zama.

A gindin tsamiyar nan ake yin Taron Masana Yana duk shekara. A cikin masanan babu wanda ya taɓa jan zare, sai dai sun yi rubutu a kansa mai yawa. Shugabansu Farfesa Sodangi ne, wani hankaka mai farin ƙirji wanda ba ya fara magana sai ya gyara murya sau uku. Dela tana ganin girmansu ƙwarai. Kowace shekara daga sama take sauraro, abin da ba ta gane ba ta ɗora laifin a kan ƙarancin karatunta. Sau uku tana aika musu maƙala kan yadda ake ƙulla zare ya jure iska, sau uku ana dawo mata da ita, wai ba ta ambaci tarukan baya ba.

Da taro na ashirin ya matso, aka yanke cewa ba za a tattauna komai ba sai tarukan da suka wuce, kuma za a watsa jawabin shugaba ta yana kowa a dajin ya ji. Sakataren taron, wani kunkuru mai suna Malam Wakkala, ya zo da kansa gindin tsamiya ya ɗaga wuya ya sanar da Dela. Ya kuma tuna mata dokar da aka kafa tun taro na goma sha biyu, cewa muddin shugaba na magana, babu wani saƙo da zai bi ta yana.

Daɗi ya kama Dela. Kwana tara ta yi tana sabunta zare, tana bin kowane ƙulli da ƙafa. Da aka fito da tsarin taro ta ga sunanta a can ƙasa, bayan na masu shara da masu shimfiɗa, sai ta sa aka karanta mata shi sau biyu.

Ranar taro tun da hantsi gindin tsamiya ya cika. A unguwanni kuma dabbobi suka taru kowa wurin gizo-gizonsa. Zomaye, da yake nasu gizo-gizon a tsakiyar kwari yake zaune, suka sauko da 'ya'yansu kaf suka zauna a kan yashi.

Farfesa Sodangi ya hau kututture, ya gyara murya sau uku, ya ce:

"'Yan uwa masana, kafin taronmu na farko, zare yana tsinkewa ba a san sunan abin da ya same shi ba. Mu muka ba shi suna. A taro na huɗu muka raba tsinkewa gida shida. A na bakwai muka gano cewa gida biyar ne, a na tara muka dawo da na shidan bayan muhawarar kwana uku. A na goma sha biyar, wanda aka yi shekarar da tsamiya ta yi 'ya'ya da yawa, mun tabbatar cewa saƙo ba ya isa sai an aika shi. Ban ce mu muka saƙa yana ba. Amma ina tambaya, da ba domin mu ba, wa zai san cewa tana aiki?"

Aka yi tafi. Dela na sama tana kaɗa kowace kalma yadda ta fito, har da gyaran muryar. Sai Dokta Hawainiya ta miƙe a hankali, ta ce da izinin shugaba, ita ce ta dawo da gida na shida, kuma a taro na takwas ne ba na tara ba. Farfesa ya ce a duba kundi. Malam Wakkala ya fara buɗe ganye ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka halarci na takwas suka koma gefe guda, 'yan na tara suka koma ɗaya gefen, ita kuwa Dokta launinta ya riƙa sauyawa gwargwadon ɓangaren da ya fi yawa.

Ana cikin haka Dela ta ji wani zare na motsi a ƙarƙashin guntuwar ƙafarta. Na arewa ne, kuma kaɗin Barmo ne, gizo-gizon da ke tsaron gindin dutse. Barmo ba mai gaggawa ba ne, amma yau kalmominsa hawa juna suke. An kwana ana ruwa a bayan duwatsu, in ji shi, kogi ya ɓalle, ya nufi kwarin zomaye, kafin azahar zai isa.

Dela ta dubi rana. Ta leƙo ta kira Malam Wakkala ƙasa-ƙasa ta faɗa masa. Ya ɗago daga kundi, ya ce lallai wannan babban al'amari ne, zai sa shi cikin abubuwan da za a duba bayan jawabi. Shugaba yana kan batu na huɗu ne, kuma batutuwan goma sha ɗaya ne kacal.

Farfesa ya riga ya ci gaba. Dela ta kaɗa jimla ɗaya tasa, ta kaɗa ta biyu. Shekara goma sha tara tana jiran ranar da masana za su san da ita, ga ranar ta zo, kuma ta san in ta karya dokarsu ba za ta sake ganin sunanta ko a ƙasan takarda ba. Barmo ya sake kaɗawa. Sai ta ɗauke ƙafafunta daga jawabin, ta ɗora su a kan zaren kwari, ta aika: ku hau tudu yanzu, ruwa na zuwa, kada ku tsaya ɗaukar komai. Ta maimaita har sai da gizo-gizon kwari ya amsa cewa sun tashi. Sannan ta sauko a kan zare ɗaya, ta tsaya daidai bakin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, na katse ka," ta ce. "Tun daga batu na huɗu babu mai jin ka sai na nan."

Farfesa ya tambaye ta ko ta san dokar taro na goma sha biyu. Ta ce ta sani, tana sama lokacin da aka kafa ta. Ya tambaye ta da izinin wa ta yi haka.

"Babu izinin kowa, ranka ya daɗe. Zare ɗaya ne, saƙo biyu. Naka zai iya jira."

Ta koma sama abinta. Ta sake ɗora ƙafafunta a kan zaren kwari.

Wajen la'asar zomaye suka iso gindin tsamiya, duk sun yi caɓa-caɓa da laka, wasu da 'ya'ya a baki. Ruwa ya shafe gidajensu, har yashin da suka zauna a kai ya tafi da shi, amma ko ɗaya ba a rasa ba. Tsohuwarsu, Iya Tasalla, ta ratsa tsakiyar masana ba ta dubi kowa ba, ta tsaya ta ɗaga kai.

"Dela, Allah ya yi miki albarka. Jikokina tara, ga su nan duka."

Dela ta ce ai aikinta ne, kuma a gode wa Barmo da ya fara gani. Amma ta daɗe tana kallon zomayen nan ɗaya bayan ɗaya, tana jin wani abu ya cika mata ƙirji wanda ko karanta sunanta da aka yi sau biyu bai kai shi ba. A daren ranar da washegari saƙonni suka yi ta shigowa daga unguwanni, kowa na tambayar wace ce a kan tsamiya. Ita ce mai amsawa, don haka ta riƙa ba su sunan a taƙaice.

Masana kuwa ba su watse ba sai da suka fitar da sanarwar bayan taro. Sun ja kunnen ma'aikaciyar tsamiya kan katse shugaba. Sun taya kansu murna cewa a taronsu na ashirin ne aka fara gano cewa wani saƙo yana iya fin wani gaggawa, aka kuma sa wa wannan ganowa sunan Farfesa Sodangi, Dokta Hawainiya na cewa ita ta fara hango shi. Daga ƙarshe suka kafa kwamitin masana bakwai ya binciko ko abin da Dela ta yi yana yiwuwa.

Kwamitin ya yi shekara biyu yana zama, ya gano cewa ba ya yiwuwa.