Nomau da Makirufon da Ba a Gani

A Tungar Bawa akwai wani magidanci mai suna Nomau. Mutum ne mai ƙarfin aiki da tsarkin zuciya, sai dai Allah ya yi shi da kunne irin na buhu: yadda ka zuba masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasalla ta daɗe da sanin halinsa, shi ya sa kafin ta aike shi sai ta juya maganar a bakinta ta duba ta ciki da waje. A gidan akwai su biyu, da 'ya'yansu, da wata jar akuya da ba ta da kunya ko kaɗan.

Katanga ɗaya ta raba su da Kawu Arzika mai gurmi, yayan mahaifiyar Nomau, marigayiya Hanne. Duk yankin an san muryarsa, amma babu wanda yake da ita a kaset ko a waya. Dalili kuwa, tun yana saurayi wani ma'aikacin rediyo ya taɓa dosa masa ƙaton makirufo a baki a gaban jama'a, waƙa ta gudu daga kansa, aka yi masa dariya. Tun ranar, da ya hango makirufo sai maƙogwaronsa ya ƙulle. To ga shi tsufa ya zo, yatsu sun fara rawa, har ya sanar cewa wasan da zai yi a taron gama girbi shi ne na ƙarshe. Hankalin 'yarsa Saude ya tashi, ta taho daga birni da 'yar rakoda a jaka. Hankalin Nomau ya fi nata tashi, domin akwai waƙa guda da Kawu yake kiran sunan Hanne a ciki, kuma ban da wannan waƙar babu inda Nomau yake ƙara jin sunan uwarsa.

Wata rana Saude ta kira shi bayan rumbu ta ce, “Kai ɗan mace, yau za ka yi mini amfani. Je ka kasuwa shagon masu kayan sauti, ka zaɓo mini makirufo ƙarami wanda ido ba zai gan shi ba.” Nomau ya hau kekensa. Mai shago ya ɗauko masa wani kamar tabarya, ya ce yana ganinsa. Ya ɗauko wani kamar yatsa, ya ce yana ganinsa. Ya ɗauko wani kamar ƙwayar gyaɗa mai ɗan maƙali a baya, Nomau ya ƙanƙance ido ya ce, “Wallahi har yanzu ina hango shi.” Mai shago ya share gumi ya koma kan kujera. Can Nomau ya buɗe wani ƙaramin kwali a gefen kanta, ya leƙa, ya ga wayam, ya buga tsalle. “Ga shi nan! Wannan ka ɓoye mini?” Mai shago ya ce ya tafi da shi kyauta, don Allah kada ya dawo yau. Da Saude ta buɗe kwalin ta riƙe kai, Nomau kuwa yana gefe yana cewa ta yi a hankali kada ya faɗi ƙasa, don in ya faɗi babu mai tsinto shi.

Wata rana kuma, bayan an koma an karɓo mai kama da ƙwayar gyaɗan, sai maganar waya ta taso, wato siririyar igiyar da za ta haɗa makirufo da rakoda. Saude ta ce, “Dole launin wayar ya zo ɗaya da na rigar Baba, don ta ɓace a jikinta.” Nomau ya zagaya, ya tarar da farar babbar rigar Kawu a kan igiyar shanya, ya naɗe ta ya tafi da ita kasuwa don a gwada. Mai shago ya ce baƙar waya kaɗai gare shi. Da wani ne, da ya ce a nemo fara a wani shago, amma Nomau bai ga abin wahala ba, ya zarce marina. Da yamma ya dawo hannuwansa shuɗi har gwiwa, riga ta koma baƙa wuluk, waya ta kwanta a kanta kamar tare aka saƙa su. Kawu kuwa ya wuni daga shi sai 'yar shara, ya rasa zuwa sunan jikan amininsa. Ya ɗaga riga ya juya ta, ya ce, “Ɗan Hanne, me rigata ta yi maka?” Nomau ya dubi Saude, Saude ta dubi sama. Abin da ya cece su kawai shi ne rinin ya yi kyau, Kawu ya yi faɗansa ya gaji, ya sa riga ya ga ta karɓe shi.

Wata rana sai Saude ta ce a gwada kayan kafin ranar taro. Ta nuna masa inda ake soka waya da inda ake dannawa, ta sa wa makirufon 'yar hular soso saboda iska, ta ce, “Ka maƙala wa wani ka ɗauko muryarsa mu ji, amma wanda ba zai je ya faɗa wa Baba ba.” Nomau ya auna mutanen Tungar Bawa ɗaya bayan ɗaya, bai sami mai riƙe magana ba, har da matarsa. Sai idonsa ya faɗa kan jar akuya. Da aka kunna rakoda, abin da aka ji shi ne huci, sai kuka guda, sai wata doguwar tauna mai cike da natsuwa. Akuya ta cinye hular soso, saura ƙiris ta haɗa da waya. Tasalla ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yanko soson katifa ta ɗinka wata hular. Saude ba ta yi dariya ba, don taro ya matso, kuma ta fara tsoron muryar ubanta za ta tafi ba a kama ko baiti ɗaya ba.

Ranar taro, bayan la'asar, jama'a suka cika gindin tsamiya. Nomau ne mai ɗaukar wa Kawu tabarma da gurmi, don haka ba yadda Saude ta iya, shi ɗin dai za ta sa. Ta ja shi gefe ta ce, “Yau ba wasa, Nomau. Ka zura rakoda a aljihunsa, ka maƙala makirufo a wuyan riga. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ya gani.” Nomau ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya shimfiɗa tabarma, Kawu ya zauna cikin baƙar rigarsa, sai Nomau ya durƙusa a gabansa ya ce da ƙarfi, yadda na bayan fili ma suka ji:

“Kawu, rufe idonka.”

“In rufe ido? Don me?”

“Makirufo zan maƙala maka, kuma Saude ta ce kada ka gani.”

Saude ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kawu ya haɗe rai, ya miƙa hannu zai ajiye gurmi. Sai ya tsaya ya dubi ɗan ƙanwarsa. “Kai kuma me za ka yi da muryar tsoho?”

“Waƙar Inna nake so, Kawu. In ka rataye gurmi, wa zai ƙara kiran sunanta?”

Kawu ya mayar da gurmi kan cinyarsa. Daga nan ya gyara zama ya rufe ido. Nomau ya zura rakoda, ya bi da waya ta cikin riga, ya maƙala ƙwayar gyaɗa a wuya, ya danna.

“Yaushe zan buɗe?” in ji Kawu.

“Wannan ba ta faɗa ba.”

Kawu ya tuntsire da dariya, jama'a suka taya shi, kuma cikin dariyar nan yatsunsa suka sami tsirkiya. Bai ga makirufo ba, bai ga idon mutane ba, maƙogwaro bai ƙulle ba. Ya yi waƙar noma, ya yi ta maƙera, ya yi wasu da tsofaffi suka ce rabonsu da ji tun suna samari. Da rana ta yi ja sai ya sassauta kiɗa ya shiga waƙar ƙanwarsa:

“Hanne mai fura da sanyin safe,
kin tafi kin bar mana Nomau,
bai iya ƙarya ba, bai iya kwana-kwana ba.”

Baitin ƙarshen nan sabo ne, a wurin ya ƙaga shi. Nomau ya zauna a bakin tabarma yana kuka kamar yaro, bai damu da masu kallo ba.

Da aka koma gida Saude ta kunna rakoda. Murya ta fito tas, har da dariyar farko, har da sautin yatsa a kan tsirkiya. Kawu ya saurari kansa a karon farko a rayuwarsa, ya gyaɗa kai ya ce ashe mutumin ya iya waƙa. Sannan ya ce, “Akwai sauran da ban yi ba, suna da yawa. Ɗan Hanne, gobe da hantsi ka zo da abin nan naka da ba a gani. Gurmin ba zai hau ƙusa ba sai mun kwashe su duka.”

Saude ta fashe da kukan murna, ta ce daga yau ta daina kiran Nomau wawa. Shi kuwa bai ji ta ba. Ya riga ya kanga rakoda a kunne, ya mayar da ita daidai inda ake kiran Hanne, ya rufe idonsa gam.