Na Hana Idon Na'ura Taɓa Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara mutum takwas a kan tafki, a ƙasar da ba tawa ba, na ce su jefa fatsa inda na nuna musu ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. 'Yar masunta ce ni, a tsibiri aka haife ni can wajen Yawuri, na iya riƙe filafili tun ban iya ɗaura zani ba. Boko kuwa ban shige ta ba sai da na haifi biyar. A ajin yaƙi da jahilci na fara rubuta sunana, daga nan na ƙi tsayawa sai da na karɓo difloma. Shi ya sa ba a karanta mini takarda. Ko ta magani ce ni zan karanta abata, ko da zan wuni a layi ɗaya. (Ba na kuma son a gyara mini zance. Wannan kam ba makaranta ce ta koya mini ba, da shi na zo duniya.)

Wankan jegon 'yata Rabi ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Mijinta yana digiri na uku, suna zaune a wani bene a Pantai Dalam. Dakta nake ce masa tun bai gama ba. Suruki ne na gaske: bai taɓa haɗa ido da ni ba, in na shigo falo sai ya zame daga kujera ya koma ƙasa.

Wata biyu ina cin kifin ƙanƙara ina mita, ina cewa wannan ba kifi ba ne, gawa ce aka adana. Sai na gano Dakta da abokansa sukan je wani tafki a bayan gari, su yi hayar kayak, wato ɗan kwalekwalen roba na mutum ɗaya, su wuni su dawo da karfasa biyu kamar tafin hannu. Na yi musu dariya son raina. Maƙwabciyarmu Madam Ladi, 'yar Jos mai koyar da aikin jinya, wadda da ita ake zuwa, ta ce, "To Hajiya, ki zo ki nuna mana." Na ce zan zo, kuma farfesun ranar daga hannuna zai fito, kada wanda ya sayi ko kan kifi. A gaban surukina na faɗa, da babbar murya.

Washegari Dakta ya aiko Rabi ta gaya mini cewa tafkin ba kamar kogi ba ne, dama suna shirin sayen na'urar gano kifi. Na ce na'ura? Ubana da gora yake sanin ƙasan ruwa. Amma na bi su kantin a Sentul, don in je in raina abin da idona.

Ban samu na raina ba. Mai kantin ya jera mana iri uku. Akwai wata kamar lemo, ana jefa ta a ruwa tana aiko hoto cikin waya. Na ce a'a, ba zan riƙe waya da jiƙaƙƙen hannu a kan ruwa ba. Akwai babba kamar talabijin, ta manyan jirage, mai shan wuta. Sai ta tsakiya, daidai tafin hannu, mai maɓallan dannawa, da gilashin da ake iya gani ko cikin rana. Ya kunna ta a kan kanta. Sai ga ruwa shuɗi, ga ƙasa ja a can ƙarƙashi, ga wasu abubuwa masu lanƙwasa kamar jinjirin wata suna wucewa. Ya ce kifi ke nan. Wai sauti take aikawa ƙasa, ta saurari dawowarsa, ta zana abin da ta ji. Na tsaya baki buɗe, ni da na zo raini. (Da ina da wayo da na tambayi kaina wane kifi ne ke iyo a ƙarƙashin kantar kanti. Ban tambaya ba.)

Sai maganar wuta, tunda kayak ba shi da inji. Dakta ya ce yana da fawa banki na waya. Mai kanti ya girgiza kai ya ce tak boleh, wato ba zai yiwu ba: na'urar bolt goma sha biyu take so, na waya biyar yake bayarwa, wani ma in ya ji abin ba ya jan wuta sosai sai ya kashe kansa ana tsakiyar ruwa. Ya fito da batir biyu, ɗaya mai nauyi kamar bulo, ɗaya mara nauyi. Na ɗaga kowanne na zaɓi mara nauyin, don wanda ya san ƙaramin jirgi ya san nauyi ba abin wasa ba ne. Ya nuna mini ɗan fis da ke jikin jar waya. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce kada ruwa ya taɓa batir. Sau uku ya faɗa, ni kuma sau uku na rubuta a zuciyata.

Muna komawa gida na ƙwace kwalin. Kwana uku ina karanta ɗan littafin da rana in jaririya ta yi barci. Ja da ja, baƙi da baƙi, a cika batir kafin fita. Na haɗa, na danna, na'ura ta kawo haske. Sai na rufe littafi, don me ya rage kuma? Na ɗauko robar abincin Rabi mai murfin da ba ya yoyo, na huda ta da ƙusa mai zafi don wayar wuta ta fita, na liƙe bakin hudar da gam, na kwantar da batir a ciki. A cikin kwalin akwai wani abu baƙi kamar sabulun wanka, mai doguwar waya. Na ce duk abin da ke da waya maƙiyin ruwa ne. Na naɗe wayarsa, na ƙulle shi a leda biyu, na sa shi gefen batir, na rufe ruf.

Dakta ya zo wucewa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, wancan baƙin abin fa..."

"Na san da shi, Dakta. Yana inda ya dace."

"To, Hajiya," ya ce, ya juya.

Ranar Asabar da sassafe muka isa. Tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Madam Ladi ta ce kamar ta ga na garinsu, sai dai wannan daji ya rungume shi, kore shar, hazo yana tashi daga kan ruwa kamar turirin tukunya. Wani tsoho Bamale, ɗan asalin ƙasar, da ke ba da hayar jiragen, kowa yana ce masa Pak Cik, ya ba ni rigar ruwa da filafili mai kai biyu. Ban yi minti biyar ba na gane kansa. Ina juya jirgi yadda na so, ina jin ana cewa, "Kai, Hajiya fa da gaske take." Kaina ya ƙara girma.

Na nufi wani lungu kusa da ciyayi, na tsaya, na danna maɓalli. Jama'a, abin da na gani. Zurfi mita goma sha huɗu. Kifaye jere-jere, manya a ƙasa, ƙanana a sama, garke yana bin garke ba ya yankewa. Na tuna Babana, shekara hamsin yana kallon bayan ruwa yana kintata abin da ke ciki, ga ni yau ina leƙa cikin ruwa kamar an ɗage mini labule. Na yi tasbihi, har ƙwalla ta zo mini. Sai na ɗaga filafili na kira kowa.

Suka zo suka kewaye ni, jirgi takwas. Na ce kowa ya saki zare ya kai mita goma. Suna jefawa sai zare ya saki nan take, in an ja sai ciyawa. Na ce kifin nan masu wayo ne, a sake abinci a ƙugiya. Aka sake. Rana ta ɗago, gumi yana bin bayanmu, mun kusa awa guda ba ko ɗan motsi.

"Hajiya, kifayen naki azumi suke yi ne?" in ji Madam Ladi.

Na ce ta yi haƙuri, su ba gaggawa ba ne, na juya mata gilashin ta gani da idonta. Ta gani, ta koma kan fatsarta. Dakta yana can baya bai ma jefa ba, kansa a sunkuye. Can ya ce, a hankali, ko za mu ɗan matsa gaba. Na ce masa ba a barin kifin da ake gani a tafi neman wanda ba a gani ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne zalɓe. Yana tsaye bai fi taku goma daga gare ni ba, ruwa bai kai cikinsa ba. Ni, 'yar masunta, na kalle shi, na kalli gilashi, na ce wa raina ƙila a kan kututture yake.

Sai ƙugiyar Madam Ladi ta maƙale. Pak Cik ya tuƙo ya zo taimako. Ya ɗan ja, ta ƙi. Sai kawai ya zuro ƙafa daga jirginsa, ya sauka, ya miƙe tsaye.

Ruwan iyakarsa gwiwa.

Na dubi gilashi: mita goma sha huɗu, wani ƙaton kifi yana wucewa daidai tsakanin ƙafafun tsohon. Ya tako ya leƙa na'urar, ya duba gefen jirgina, ya duba ƙasansa, sannan ya tambaye ni da Turanci ina idon yake. Na ce wane ido? Ya kwatanta da hannu: baƙi, kamar sabulu. Na buɗe roba a gaban kowa, na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu. Ga shi nan a bushe ƙamas, ko raɓa bai sha ba. Tsohon ya ɗaga shi sama, ya yi bayani cikin ladabi: wannan ne kaɗai ake tsomawa a ruwa, shi ke aika sautin. In ba a jona shi ba, na'urar hoton talla take nunawa, irin na kanti.

Madam Ladi ta kwanta a kan jirginta tana dariya har ya kusa kifewa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ashe sinima Hajiya ta kawo mu."

Wannan na iya haɗiye shi. Wanda ya kashe ni na Dakta ne. Yana kallon ruwa ya ce, "Laifina ne, Hajiya, ni ban yi bayani ba." Na so ruwan ya haɗiye ni, amma ina, iyakarsa gwiwa.

Pak Cik ya jona idon, ya ɗaure shi a gefen jirgi ya nutse. Kifayen talla suka ɓace. Gilashi ya nuna abin da ke nan: ƙasa da mita ɗaya, sai ciyawa. Ya ce in tuƙa a hankali in nufi tsakiya. Na tuƙa, don ba ni da bakin musu. Mita ɗaya, mita biyu, sai na ga jan layin ƙasa ya gangara tsaye kamar katanga: biyar, tara, goma sha bakwai. Bakin tsohon ramin ne. A sama ruwan bai canza ko kaɗan ba, lumui kamar faranti, amma a ƙarƙashina rami ne da zai haɗiye benen su Rabi. Can ƙasa ga wata bishiya tsaye da rassanta, Allah kaɗai ya san shekarunta a cikin duhu. Kusa da reshe ɗaya, ɗan lanƙwasa guda ya bayyana, ya tsaya, ya wuce. Kifi ɗaya tak, amma na gaske, mai rai, yana harkarsa bai san da ni ba. Na ajiye filafili a cinya na daɗe ban motsa ba. Wannan karon ban kira kowa ba.

Kifin bai ci ba. Mu duka tara, babu wanda ya kama ko ƙaya, don rana ta riga ta take. A hanyar gida muka tsaya a shagon mamak, wato gidan abinci na bakin hanya, aka ƙunso mana kifi da shinkafa. Kifin ƙanƙara ne, na sani, kowa ya san na sani. Na cinye nawa tas, ba mita.

Da muka keɓe na tambayi Rabi ko ta san abin da ke cikin robar. Ta ce tun ranar Dakta ya gaya mata, ya roƙe ta ta faɗa mini. Na ce me ya hana ki? Ta ce, "Mama, ke kin taɓa ganin wanda ya gyara miki ya kwana lafiya?"

Gaskiya ta faɗa. Wanda ba a iya gaya wa ya yi kuskure, rakiya ake yi masa har ƙarshen wautarsa, a kuma kira 'yan kallo. Sai na ce ta gaya wa mijinta daga yau na ba shi izini: in ya ga na kauce ya faɗa, ko ta bakinta ne. Na ɗauka sau ɗaya a shekara abin zai taso. Kafin la'asar ɗin washegari saƙo uku suka iso: ba haka ake kashe injin wanki ba, katin jirgin ƙasa ba a lanƙwasa shi, kuma abin da na yi wata biyu ina shafa wa gwiwata man gyaran takalminsa ne.