Ɗakin da Na Gina wa Kyanwa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa zan so in manta, da bazarar da na buɗe masaukin kyanwa a Gusau. Eh, kyanwa dai da kuka sani, wadda mu a nan muke ce wa mussa. Ku yi dariyarku ku more, an daɗe da riga ku.

Lokacin ba a jima da ba mu jiha ba, gari ya cika da sababbin fuskoki, ni kuma ina tsaron wani shagon maganin dabbobi kusa da tasha. Cikin masu zuwa akwai Hajiya Rabi, 'yar Tsafe ce da ke aure a Gusau. Tana da wata farar kyanwa mai gashi buzu-buzu da take kira Gimbiya, kuma wallahi na ga 'ya'yan mutane da ba su samu rabin gatan dabbar nan ba. Wata rana ta zo sayen maganin tsutsa, take kukan za ta Makka bana, ba ta san wanda za ta bar wa Gimbiya ba, don 'yan aikinta ƙazamai ne. Bakina da ba ya shawara da ni ya ce, "Hajiya, ai ina gina wajen ajiye irinsu." (Ko bulo ɗaya ban saya ba a lokacin.) Ta ce in dai ta zo ta ga wurin da tsabta, to ita ce ta farko, kuma za ta turo mini ƙawayenta masu irin wannan damuwa. In kuwa ta ga ƙuda ɗaya, shi ke nan.

Sai na sayar da babur ɗina na faɗa gini a bayan gidanmu, inda garken awakin marigayi Baba yake a da. Ban yi aikin da wasa ba. Daɓen siminti na sa aka karkata shi zuwa magudana, don in an wanke ruwa ya fice da kansa. Tagogi biyu suna kallon juna, da raga, iska ta ratsa sauro ya tsaya a waje. Ƙarƙashin kwano na shimfiɗa zana saboda zafi. Na kafa kantoci a bango hawa-hawa, tunda kyanwa na son ta hau sama ta raina mutane. A tsakiyar ɗaki na dasa gungume na naɗe shi da igiya, na wasa farata. Na sayi sababbin kwanuka. Yashi kuwa har Bungudu na je bakin gulbi na ɗebo, na wanke, na shanya, na tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwon salla, na zuba a kasake na jera a gefe. Na fitar da ƙofa ta lungu don masu kawo dabba, da wata 'yar ƙarama a ƙasa ta shige da ficen kyanwa. Abu ɗaya ya rage, ragar ƙarfe da za ta raba ɗakin gida-gida, tana wajen wani mai walda da kullum amsarsa ita ce gobe in Allah ya kai mu.

Innarmu ta leƙa sau ɗaya, ta dubi farin fenti, ta dubi nata ɗakin da ke yoyo tun damina, ta ce, "Hmm." Da ina da hankali da na ji tsoron wannan hmm ɗin.

Ana haka bikin ƙanwata Luba ya taso. Gida ya cika har ba inda za ka ajiye ƙafa. Na dawo daga shago da azahar, rana kamar ta dafa mutum, sai na tarar an cire allon da na rubuta Masaukin Kyanwa, an kife shi bayan rumbu. A bakin ƙofata takalma ne birjik.

Na sami Inna a madafi na ce, "Inna, su wa ke cikin ɗakin nan?"

"Dangin ango ne daga Karakkai. Gwaggonsa da tawagarta."

"Inna, ɗakin kyanwa ne fa!"

"Kyanwar ta shiga?"

"Ba ta shiga ba tukuna, amma..."

"To ɗaki ne. Kuma in ka kuskura ka buɗe baki surukai suka ji, ban yafe ba."

Haka na ja ƙafa na je gaisuwa. Ko ruwan maganin da na ajiye a bakin ƙofa don tsoma takalmi, wata ta wanke goro a ciki ta zubar. Gwaggo Hakama, gwaggon ango, tsohuwa ce doguwa mai jan baki, ta miƙe ƙafa a tsakiyar ɗaki kamar ita ta biya magini. Sauran sun jera ƙorai da ƙullin kaya a kan kantocina.

"Kai ne ka gina wanga ɗaki?" in ji ta.

Na ce ni ne, Gwaggo.

"Allah shi yi ma albarka. Wanga icce hwa, da anka naɗe da igiya?"

Na dubi ƙofa, Inna na tsaye ta zuba mini ido. Na ce, "Na susar baya ne, Gwaggo."

Nan take ta matsa ta jingina, ta fara goga baya tana lumshe ido. "Kai, madalla! Kun gani? Yaro da tunanin tsohi. Wagga 'yar ƙofa ta ƙasa hwa?"

"Ta miƙo abinci ce."

"Kaskon yashi?"

"Na... na tofar da goro."

Ta gwada a gabana. Yashin da na tankaɗe da hannuna, na bi shi tsinke-tsinke, ya yi ja wur. Ta ce ko a gidan hakimi ba ta ga irin wannan tanadi ba. Kafin la'asar labari ya zaga gidan biki cewa wan amarya ya gina wa tsofaffi ɗaki na musamman. Mata suka riƙa shigowa kallo, ana layin susar baya, ana sa mini albarka, ni kuma ina amin amin. Na lallashi kaina da cewa biki kwana nawa ne, su tafi in wanke ɗaki in sake yashi, Hajiya sai mako mai zuwa.

Washegari da hantsi ina tsugune gaban Gwaggo, ta sa ni ina gyara mata rediyo, sai na ji tsayuwar mota a lungu. Aka yi sallama. Muryar Hajiya Rabi ce. Ashe an matso da tashinsu, an ce su hallara a sansanin alhazai a ranar. (Ƙofar lungun nan da na yi ta alfahari da ita, ita ta kawo ta kai tsaye, ba zaure ba jira.) Na zabura in tare ta a waje, amma ina, ta riga ta sa kai, kwando a hannu, ƙamshin turare na biye da ita.

Ta tsaya. Ta dubi ƙorai a kan kanta, ta dubi zannuwan da aka shanya a ragar taga, ta dubi tsohuwar da ke jingine da gungume da kwanon fura a hannu.

"Malam, nan ne masaukin kyanwar?"

Ɗaki ya yi tsit, sai rediyo da ya ga dama ya fara aiki a daidai lokacin.

Gwaggo ta sauke kwano daga bakinta. "Masaukin mi?"

Hajiya, baiwar Allah, ba ta san dawan garin ba. Ta ce, "Na kyanwa, Inna. Ai duk ya ba ni labari. Wancan iccen na wasa farata ne, kantocin na kwanciyarsu ne, kwanon da ke hannunki ma ina jin na ruwan shansu ne."

Gwaggo ta dubi kwano. A hankali ta janye bayanta daga gungume. Sannan ta nuna gefe da yatsa. "Ɗan nan, matso. Wanga kasko, na mi ne? Ka ji tsoron Allah."

Na nemi ƙasa ta tsage, amma daɓen siminti ne mai kyau, ni na tsaya a kansa aka yi. Na ce, "Na bayan gida ne, Gwaggo." Sai kuma na ƙara da abin da har yau abokaina ke tsokanata da shi: "Amma sabo ne."

Wata ta saki salati, wata ta fashe da dariya har da faɗuwa a kan tabarma. Na waiga neman ceto, ga Inna a bakin ƙofa. Kun san abin da ta yi? Ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, yaron nan! Ashe abin da ka aikata ke nan? Surukai guda?" Wallahi da ba uwata ba ce da na kai ƙara.

Na jira Gwaggo ta tattara kaya a fasa biki. Sai ta gyara zama ta mayar da bayanta jikin icce. "Ba inda za ni. In mussa ta san daɗi, ni ma na sani."

Hajiya kuwa idonta na kan jan yashi da ƙudajen da suka biyo fura. Ta ce, "Malam, wannan ce tsabtar?" Na fara rantsuwa cewa kafin magariba zan mayar da wurin kamar asibiti. Ban kai ƙarshe ba Gimbiya ta ture murfin kwando ta diro. Ba ta kalli kantocina ba, ba ta shinshina gungumena ba. Ta taka a yangance ta haye cinyar Gwaggo, ta sa baki a kwanon fura. Gwaggo ta ce, "Sha, ai naki ne."

Direba na ta danna oda a waje. Hajiya ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce, "Inna, don Allah ko za ki riƙe mini ita har in dawo?" Gwaggo ta ce ba komai, dama tana son ganin likitan ido a Gusau, kuma Karakkai zafi. Za ta zauna a nan.

Ta kuwa zauna, har alhazai suka dawo. Ni ke wanke daɓe, ni ke kawo nama da nono, ni ke sake yashin kasko biyu, na Gwaggo da na Gimbiya, kuma kowacce da irin kallon da take mini in na makara. Da Hajiya ta dawo, dabino da zamzam da darduma duk gaban Gwaggo aka sauke. Ni aka ce mini sannu da ƙoƙari. Da shekara ta zagayo, ƙawayen Hajiya da na sayar da babur dominsu suka ɗauki kyanwoyinsu a mota suka nufi Karakkai, wajen Gwaggo.

Mai walda ya kawo raga bayan komai ya wuce, Inna ta yi akurkin kaji da ita. Ɗakin kuma ita ke ciki yanzu, ta ce bayanta na yawan ƙaiƙayi. Ni dai abin da na koya shi ne, in za ka gina wa dabba ɗaki a gidanku, fara gyara rufin ɗakin uwarka tukuna.