A Bar Mijina Ya Kori Ƙudan Nan

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Gaba-Dai-Sama, mai shirya wasan talabijin na "Rundunar Bayan Wata", uban taurari, mai kunna rana da wata duk ranar da aka kawo wuta, Kumasi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sauran halittun sama da suka tsira daga rage ma'aikata. Sunana Afia Pokuaa, mai sayar da ɗanyen kifi a unguwar Bantama, matar Yaw Boadu, wanda duk ƙasar nan ta sani da Kyaftin Odum, matuƙin jirginku na sararin samaniya. Na so in faɗa maka wannan magana tsakanina da kai, to amma duk sanda na zo ofishinku sai maigadi ya ce kana taro. Na gane maigadin. Shi ne Sarkin Duniyar Zambur a wasanku, sauran koren fentin ma yana nan a bayan kunnensa. Shi ya sa na kawo kukana jarida, kuma ina neman afuwa idan na tsaya maka a hanya, domin a ƙarshen watan nan za a binne mijina, alhali yanzu haka yana falo yana cin gyaɗa.

Na ɗaya. Bari in fara da yabo, kada a ce ban da tarbiyya. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya mayar da talauci ilimin kimiyya kamarku ba. Farkon wasan nan, jirgin cike yake da ma'aikata, maƙiya kuwa koraye shar tun daga kai har ƙafa. Da fenti ya yi tsada, sai aka sanar mana cewa maƙiya sun gano sirrin ɓacewa, muka shekara muna kallon sojojinku suna naushin iska. Ban yi magana ba. Kowace duniya jirgin ya sauka, sai mu ga ramin fasa dutsen nan na hanyar ƙauyenmu, yau an kira shi Zambur, gobe an kira shi Tauraruwa Mai Zafi. Ban yi magana ba. Ranar da motar haya ta gifta a bayan Kyaftin, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran fasinjan kasuwar Kejetia, mako na gaba kuka fito da wani mai farin gilashi ya bayyana mana cewa wata dabbar sama ce mai kwaikwayon abin da mutum ke kewa. Har tafi na yi muku a ɗakina.

Na biyu. Firizata. Daraktanku, Mista Sarpong, shi ya zo shagona da kansa, ya cire hula, ya ce, "Anti, aron yini ɗaya tak, kafin kifinki ya san an fitar da shi mun dawo da ita." A lokacin ne kuɗin biyan Kyaftin ya gagare ku, sai kuka rubuta cewa wani haske ya harbe shi, dole a sa shi barci a akwatin sanyi har jirgi ya kai wurin babban likitan taurari. Akwatin sanyin nan firizata ce. Kun liƙa mata takardar azurfa, amma ba ta isa ba, don haka duk wanda yake da ido yana karanta abin da ke gefe: "Afia Pokuaa, Ɗanyen Kifi, Sari da Sayen Ɗai-ɗai." Ranka ya daɗe, a shekara ta dubu uku ake wannan labari. Na gode da fatan tsawon rai.

To amma ina likitan nan yake zaune ne? An yi girbin koko, an sake yi, jirgi bai isa ba. Jirgin da da can yake tsallake taurari kafin a dawo daga talla, yanzu tura shi ake yi?

Na uku, kuma a nan nake roƙon ka gyara zama. Hoton Kyaftin a cikin firizar sau ɗaya kuka ɗauka, shi kuke maimaitawa kowane mako. A ranar da aka ɗauka, wani ƙuda da ya biyo ƙarnin kifi ya sauka a hancin mijina, ya taka zuwa leɓensa, ya tsaya yana murza hannu. Mijina bai motsa ba. Har gobe yana alfahari da wannan, yana cewa a duk rayuwarsa bai taɓa yin wasa mai kyau kamar na ranar ba. Ni ba masaniya ba ce, kifi nake sayarwa, amma ina tambaya cikin ladabi: ƙuda a sararin samaniya, da wane fasfo? A cikin sanyin da kuka ce yana daskarar da jini? Kuma ƙuda ɗaya, hanci ɗaya, shekara da shekaru, ba ya tsufa, ba ya gajiya, ba ya neman ƙarin albashi? Ina zaton shi kaɗai ne ma'aikacinku da bai taɓa yajin aiki ba.

Na huɗu. Kai ɗan ƙabilar Asante ne kamata, ba sai na gaya maka abin da ake nufi idan aka ce mutum yana firji ba. Mamaci ne da danginsa ba su gama tara kuɗin bikin binne shi ba. Kai ka manta da wannan, amma mutanen ƙauyen mijina ba su manta ba. Talabijin ɗaya ce a shagon mai sayar da giya, kowane mako tsofaffi na taruwa su duba ɗansu. Da farko suna cewa barci yake. Da abin ya yi nisa, Kawu Tweneboa, babban danginsu, ya sa aka matso masa da kujera gaban akwatin, ya zuba wa ƙudan nan ido har aka gama, sannan ya miƙe ya ce, "Jama'a, na goyi yaron nan a bayana. Ko yana barci, sauro ya wuce sai ya kai mari. Mai rai ba ya barin ƙuda ya yi masa yawo a baki. Yaw ya tafi."

Kuka ya ɓarke. Kafin mako ya zagayo ƙannensa mata sun iso shagona da jan ƙyallen makoki a wuya. Babbarsu, Sista Konadu, ta tsaya a tsakiyar layin masu kifi ta ce, "Kai, Afia, kin cika mace. Kuɗin firjin asibiti ne ba za ki iya biya ba, sai ki cusa ɗan'uwanmu inda kike ajiye kifi? Har da sunanki a jiki, don kada a yi miki gardamar mallaka?" Tun daga ranar, duk wadda ta zo sayen kifi sai ta ɗaga shi ta shinshina, ta dube ni, ta tambaya a ina ya kwana. Wallahi abin ya ci mini rai.

Na biyar. Za ka ce me ya hana shi fita ya nuna kansa. Kai ka hana shi. Kun sa ya yi alkawarin ba zai bari a gan shi a waje ba, wai kada sirrin wasa ya lalace, kuka yi masa romon baka cewa ranar farkawarsa za a ɗinka masa sabuwar riga mai tauraro a kafaɗa. Shi kuma mutumin nan, da zai riƙe alkawarin gyara mini famfo kamar yadda ya riƙe naku, da na huta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ɓoye nama, sai ya gyara murya ya ce, "Afia, kyaftin ba ya barin bakin aiki." Wane aiki? Kwanciya?

Da ƙyar na samu ya kira Kawu a waya. Tsoho ya saurara tsaf, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan saƙago. Mun gan ka ai." Ka tuna makon da kuka sa mutum-mutumin inji ya riƙa magana da muryar Kyaftin, don kada ku biya mijina? To, ƙauye ya ɗauki darasi.

Sai na aika wa Kwabena, ɗan yayarsa, wanda bisa al'adarmu shi ne magajinsa, na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya zo, babban mutum da tumbinsa, ya tarar da kawunsa a gaban kwanon fufu da miyar kwakwa, hannu dumu-dumu. Ya zagaya shi, ya leƙa bayan kujera, ya kaɗa kai ya ce, "Anti, hoton haske ne. Irin wanda suka nuna a wasan, mutum yana nan amma ba ya nan. Kimiyya ta yi nisa." Na ce masa hoton haske ne yake neman ƙarin miya? Ya ce shi ba zai yi gardama da mai takaba ba. Yana fita na gan shi yana auna faɗin falona da ƙafa.

Na shida. An tsayar da rana, Asabar ta ƙarshen wata. An kafa allo a mararraba da hoton mijina cikin rigar kyaftin, an sayi yadi, an kama makaɗa da masu ɗaukar akwatin gawa suna rawa. Gawar kuwa, sun ce in kawo musu ita a firizar tawa, tunda na saba. Akwatin an yo odarsa daga wani kafinta a bakin teku, siffar jirgin 'yan sama jannati, da tagogi, da fitilu masu kamawa da gaske, da ƙofar da ke buɗewa ba tare da an ga ƙafar mai jan igiya ba. Ranka ya daɗe, ba don in ɓata maka rai ba, ya fi naku kama da jirgi.

Na san kun sani, domin jiya Mista Sarpong ya sake zuwa, ya sake cire hula. Na ɗauka firizata ya kawo. Ashe izini yake nema a ɗauki bikin a matsayin wasan ƙarshen shekara, tunda ga taro kyauta, ga masu kuka kyauta, kuma idan an gama ko za a ba su aron akwatin na yini ɗaya tak. Sai na ajiye wuƙar kifin da ke hannuna a hankali, saboda ni mace ce mai zuwa coci.

Ga abin da ke gabana, in kai ba ka lissafa ba. Idan aka yi bikin nan, ni Afia zan shiga baƙaƙen kaya, in rufe shago, in zauna a tabarma ana shigowa ana ba ni haƙuri. Gidan da na haɗa kuɗin kifina aka yi masa rufi zai koma hannun Kwabena, ni da hoton haske mu nemi ɗakin haya. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuma shi ne, shi gogan abin ya fara yi masa daɗi. An kawo takardar tsarin biki, na same shi yana karanta yabon da abokan makarantarsa suka rubuta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Afia, ashe haka suke sona? Ki bari mana a yi, ni sai in zauna a baya da hula in ji." Na ce masa idan yabo yake so ya gyara famfo, zan tara masa unguwa.

Saboda haka ga roƙona, kuma na auna shi daidai aljihunku. Ban ce ku kai jirgi wurin likita ba. Ban ce ku ɗinka riga mai tauraro ba. Ban ma ce ya farka ba. Ku zo da na'urarku, ni zan biya kuɗin mota, zan kawo mijin, zan kawo kan kifi, ƙuda zai kawo kansa. Ku kwantar da shi a firizar, ƙudan ya sauka, shi kuma ya ɗaga hannu sau ɗaya ya kore shi. Shi ke nan. Ku nuna wannan kafin Asabar ɗin. Kawu Tweneboa ba ya yarda da waya, ba ya yarda da ni, amma ya san marin ɗansa. In kuna tsoron masu kallo, ku fito da mai farin gilashin nan ya ce wata iskar tauraro ce ta motsa jijiya. Mun haɗiye abin da ya fi wannan.

Zan gaya maka wani abu da ban gaya wa kowa ba, don ka san ba firiza ce kaɗai ke damuna ba. Duk mako idan aka nuno shi kwance, ido a rufe, ƙudan nan na tafiya a leɓensa, sai in ga hannuna ya tashi da kansa ya nufi gilashin talabijin. Na san yana gefena. Ina jin ƙarar gyaɗar da yake tauna. Amma hannun ba ya jin magana, kuma gabana faɗuwa yake yi kowane mako kamar yau na fara gani. Na gaji da kallon gawar mijina, ranka ya daɗe, ko da ta wasa ce.

Allah ya ja zamaninka, ya cika asusunka, ya kai jirginka inda ya nufa ko da turi ne. Idan an gama, a taimaka a dawo mini da firizata, ba sai an cire takardar azurfar ba.

Taka mai biyayya da ladabi har ƙasa,

Afia Pokuaa,
Layin masu kifi, Bantama,
matar marigayin da yanzun nan ya leƙo yana tambaya ko abinci ya nuna.